Takardar da Hansai Ta Sha

Laifin da zan faɗa muku shi ne na mutumin da bakinsa ya yi nauyin cewa "ban sani ba". Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wannan karon a wuyan wani ya ɗaure.

Tun kafin zuwan Nasara, a Dayi akwai liman, Malam Maitama. Duk takardar da ta shigo gari shi ke karantawa. Sai dai hannu ɗaya ya iya: rubutun allonmu mai kauri. Na Larabawan gabas kuwa siriri ne, haruffa na hawa kan juna, bai taɓa koyonsa ba.

Ran nan fatake suka kawo wa tsohuwa Hansai takarda daga ɗanta Rabe, wanda ya tafi Makka a ƙasa shekara shida ba labari. Ta ruga wurin liman ko takalmi babu.

"Allah gafarta Malam, yana raye? Me ya ce?"

Malam ya duba, ya juya, ya sake dubawa. Hannun gabas ne. Ga jama'a sun zuba masa ido. A Malumfashi, nan kusa, akwai malamin da ya zauna Masar, da an kai masa da ya karanta ta kafin a sha fura. Amma ina! Sai ya yi gyaran murya.

"Inna, wannan ai ba wasiƙa ba ce. Addu'a ce ya aiko miki daga ƙasa mai tsarki. Wanke ki sha, albarka ce."

Ta wanke a ƙoƙo, ta shanye tas, tana sa wa ɗanta albarka.

Bayan damina sai ga Lawal, abokin tafiyar Rabe, ya dawo shi kaɗai, da sandar Rabe a hannu. Ya tsaya ƙofar masallaci ya ɗaga murya.

"Wane irin mutane ne ku? Ciwon ƙafa ya kwantar da Rabe a Kukawa, kan hanyarmu ta dawowa. Wani mutumin Masar ya rubuta masa takardar: a turo ƙanensa da jaki ya ɗauko shi. Wata huɗu yana kallon hanya, har ya cika yana cewa uwarsa ta yafe shi!"

Hansai ba ta yi kuka ba. Ta taka har gaban liman.

"Maitama," ta ce, ba Malam ba komai, "kiran ɗana ka ba ni na haɗiye? Da ka ce ba ka iya ba, wa zai yanka ka? Kai ne farkon jahili a duniya?"



Ramin ƙarya ƙurarre ne. A wannan Juma'ar ba wanda ya tsaya bayansa. Mai gari ya karɓe limanci, ya karɓe gonar fadama da ke tare da shi. Gidaje goma sha ɗaya suka kwashe 'ya'yansu daga zaurensa. Matarsa Maijidda ta koma gidansu a Musawa. Abin da ya rage masa jaki ɗaya ne, a kansa ya bar garin.