Kafinta Ba Ya Zuwa Ko'ina

Direba ya shiga gidan maƙwabcinsa Kafinta, ya tarar da akwati a buɗe a tsakar ɗaki, Auta tana ninke rigunan mahaifinta tana jerawa a ciki. Shi kuwa Kafinta yana kwance, ya juya fuska bango kamar ba kayansa ake haɗawa ba.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Gobe da safe za mu wuce birni. Na riga na yi magana da likitan can."

"To, madalla," Direba ya ce, ya ja kujera ya zauna.

Tana fita ɗebo ruwa Kafinta ya juyo. Ciwon zuciya ya gama da shi. Hannayen da suka yi wa rabin layin ƙofofi da tagogi sun koma ƙashi da jijiya.

"Kai mai surutun tsiya, yau ga ranar bakinka. Je ka gaya mata ba na zuwa ko'ina."

"Kai naka bakin ciwo yake yi?"

"In na fara sai ta sa kuka. Fuskar marigayiya uwarta gare ta, ba na iyawa."

Tun suna da baƙin gashi suke maƙwabtaka, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Da idon Kafinta ya yi rauni ya rufe shago, amma aiki bai san an rufe ba. Kullum da safe sai ya bi layi da guduma a aljihu. Ƙofar da ke jan ƙasa, kafin ya gama gaisawa da masu gida ya ɗaga ta. Matan da za su kasuwa a wurinsa suke barin 'ya'yansu, su dawo su tarar da su da garin katako har cikin gashi. In miji da mata suka kaure, sai ya shiga ya ce ya zo duba taga, ya yi ta ƙwanƙwasa har kunya ta kama su.

Direba ya sami Auta a bakin famfo. Mutumin da ba a taɓa rufe masa baki a tasha ba, sai ga shi yana ta gyaran murya.

"'Yar nan, likitan nan namu me ya ce?"

"Ya ce sai dai a lallaɓa."

"Na can fa?"

Bokiti ya cika yana zuba.

"Suna da na'urori, Baba."

"Ba ya son tafiya. Shi ya aiko ni. A can wa ya sani? Wa zai zage shi ya rama?"

Ta rufe famfon da ƙarfi. "In na bar shi a nan wani abu ya faru, da wane ido zan kalli yayyena?"

"Ki turo su wurina. Ki ce ni na hana."

Ta ɗauki bokitinta ta wuce, ko kallonsa ba ta yi ba. Ranar Direba bai iya cin abinci ba. Matarsa ta yi ta fama, ya ce cikinsa ne. Shi dai abin da ke cinsa, kada ya zama da bakinsa ya rage wa amininsa kwana.

Da safe motar da za ta kai su birni ta zo, ta koma ba kowa. Auta ta kira wurin aikinta ta nemi hutu, ta mayar da rigunan cikin kabad.

Aka ja gadon zuwa jikin tagar da ke kallon layi. Daga nan Kafinta ya ci gaba da mulkinsa. Mai shago ya leƙo da ruwan zafi, malamar makaranta ta tsaya a hanyarta ta dawowa, yara su ɗafe tagar suna kawo masa ƙarar juna. Ko ido a rufe yana jin komai.

"Wannan ƙofar Tela ce. A ce masa ya sa mata mai, ba kuɗi ake biya ba."

Wata rana da la'asar numfashinsa ya sarƙe, har leɓɓansa suka canza launi. Auta na riƙe da kansa ta ɗago ta yi wa Direba wani kallo, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da abin ya lafa, Kafinta ya lalubo hannun 'yarsa.

"Daina hararar tsohon nan. Tun da nake da shi, wannan ne kaɗai aikin kirkin da ya taɓa yi."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Daga ranar ta koma zuba wa Direba shayi da kanta.

Ranar ƙarshe da hantsi ne. Auta na wanki a tsakar gida, rana ta shigo ta tagar ta kwanta a kan bargon.

"Ba ni labarin birkin nan," in ji Kafinta.

Labarin ranar da birki ya tsinke wa Direba a gangare ne, da mota cike da dabbobi. Kowa a layin ya haddace shi, kuma duk shekara gangaren ƙara tsawo yake yi. A wuri ɗaya Kafinta ke tare shi kullum: in ya ce akuya ta leƙo ta taga tana kallonsa, sai ya ce, ƙarya kake, bara tunkiya ka ce.

Direba ya gyara zama ya fara, yana taka birki a iska da ƙafa, yana murza sitiyari da hannu biyu.

"Ina juyowa haka, sai ga wata akuya ta leƙo ta taga tana kallona."

Ya dakata, yana jira.

"Akuya na ce fa."

A waje wani yaro ya wuce yana gara taya. Direba ya daɗe a zaune, sannan ya miƙa hannu ya shafe wa Kafinta idanu, ya gyara bargon. Sai da ya tabbata muryarsa za ta fita ya kira Auta.

Yayyenta sun iso kafin yamma. Babban ya kama hannun Direba da hannu biyu, bai tambaye shi komai ba.

Masu gaisuwa sun yi yawa har kujeru suka kasa, kowane gida ya fito da bencinsa aka jera a layi. Da aka watse, aka zo mayarwa, sai gardama ta tashi a hankali: wannan namu ne, a'a, naku wancan ne. Duk tsayinsu ɗaya, ƙafafunsu iri ɗaya, hannu ɗaya ne ya yi su. A ƙarshe kowa ya ɗauki wanda ya fi kusa da shi.

Saura ɗaya a ƙarƙashin tagar, Direba na kai. Ba wanda ya ce masa ya tashi. Ya zauna a gefe guda, ya bar sauran wurin a buɗe, har inuwar katanga ta rufe layin.