Taku Sittin Daga Tsamiya

Da hantsi Habu ya faɗo gidan Malam Isyaku a guje, laka har gwiwa, ko sallama bai ƙarasa ba. Shekara ashirin suna su tare a jirgi ɗaya a dam ɗin Tiga, kuma Habu mutum ne da ko gobara ba ta sa shi sauri.

"Malam, tsamiya ta fito! Ruwa ya janye, wallahi da hannuna na taɓa kututturen!"

Isyaku ya saki komar da yake ɗinki. Ya zura takalmi ɗaya, ya laluba ɗayan bai gani ba, ya fice a haka.

Tsamiyar nan ita ce ta bakin maƙabartar tsohon garinsu, wanda ruwan dam ya cinye yana ɗan shekara tara. A can aka binne mahaifiyarsa Maijidda, mai sayar wa leburorin dam tuwo, wata biyu kafin a tashe su. Wani direban katafila mai suna Lawal, wanda ba ya cin tuwon kowa sai nata, shi ya kawo karyayyen haƙorin katafilarsa aka kafa a kan kabarin, wai itace zai ruɓe amma ƙarfe zai daɗe. Ranar da za su bar garin, Isyaku ya jingina bayansa da tsamiya, ya fuskanci gabas, ya ƙirga taku sittin cif zuwa wurin ƙarfen. Shekara hamsin ke nan yana riƙe da sittin ɗin. Ya manta fuskar uwarsa, amma bai manta lissafin ba, kuma burinsa ɗaya ne: ya tsaya a kanta da ƙafafunsa ya yi mata addu'a.

Kafin ya isa, labari ya riga shi. Masunta sun bar jirage, masu lambu sun bar injin ban-ruwa yana ta ɓaɓatu shi kaɗai. Tsofaffi sai nuna filin laka suke da sanda, wannan ya ce nan ne masallaci, wancan ya ce ƙarya ne, nan turken jakin babansa ne. Har yayarsa Kulsumu ta iso a bayan babur, ta tsaya daga gefe kan tudu tare da sauran mata, don ba za su shiga maƙabarta ba.

Isyaku ya rungume baƙin kututturen kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya. Ya juya gabas, ya yi bismilla, ya fara taku, jama'a na taya shi ƙirga da ƙarfi. A na sittin ya durƙusa ya cusa hannu cikin laka har gwiwar hannu. Babu komai sai ɓawon kifi da wata tsohuwar ƙugiya.

Ya koma ya sake. Ya sake na uku, ya ɗan karkata hagu. Ƙirgar jama'a ta fara yin sanyi. Habu ya ɗaga kai ya dubi kudu, inda hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsun Doguwa, ya ce a hankali, "Malam, in aka yi ruwa a can, kwana biyu ruwan dam ya sake shafe wurin nan." Isyaku ya sani sarai. Ya kuma san ba lallai ya sake ganin irin wannan janyewar a sauran kwanansa ba. Tsoro ya kama shi, har da haushin kansa.

Sai ga muryar Kulsumu daga kan tudu, irin muryar da ta saba korarsa da ita daga bakin tukunya.

"Kai Isyaku! Da ƙafar wa ka ƙirga sittin ɗin?"

"Da tawa mana, Yaya!"

"Taka ta yaushe? Lokacin ko kan turmi ba ka kai ba, yanzu kana ta zabga taku kamar raƙumi! Ai ka wuce Inna tun ɗazu!"

Dariya ta ɓarke, har Habu ya zauna daɓas a laka. Isyaku kansa dariyar yake, hawaye na bin gemunsa. Ya koma gindin tsamiya, ya tattare riga, dattijo mai jikoki goma sha ɗaya, ya shiga yin 'yan ƙananan taku irin na yaro. Jama'a suka ɗauki ƙirga da sabon ƙarfi, matan kan tudu ma suka sa baki.

Hamsin da bakwai. Hamsin da takwas. A na hamsin da tara, ƙafarsa marar takalmi ta daki wani abu mai tauri a ƙarƙashin laka.

Ya durƙusa ya yaye lakar da hannu biyu. Ga shi nan, ya yi tsatsa jawur, ya ɗan kwanta gefe, amma haƙorin katafila ne. Kabbara ta tashi ta ko'ina. Kulsumu ta rufe fuska da mayafi.

Isyaku bai ji su ba. Ya cire takalmin nan guda ya ajiye gefe, ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya kamar mai shiga ɗaki.

"Salamu alaikum, Inna. Isyaku ne."