Ƙafar Ajimi Tela

Ajimi tela Babarbare ne, ni kuwa Bafillace, saboda haka tsokanarsa haƙƙina ce, kuma ban taɓa yafe masa ita ba. Rumfarsa tana dab da tashar jirgin ƙasa ta Nguru, inda nake lodin shanu zuwa Kano. Shekara tara ina zama a bencinsa ina jin yadda yake tsara waƙa yana taka keken ɗinki. Ƙafa ta sauka, baiti ya fito. In zare ya tsinke, waƙar ma sai ta tsaya har ya zura wani. Duk layin teloli an san haka, shi kaɗai ne bai sani ba.

Babu abin da ya tsana kamar a haɗa shi da makaɗa. "Ni sha'iri ne, Bubayero," haka yake ce mini. "Waƙata a rubuce take da ajami, ba ruwanta da ganga."

Da kakar 1953, malaman Yaƙi da Jahilci na Gashua suka shirya taron waƙa da kiɗa a filin makaranta, suka aiko masa takarda. Ya amsa, amma da sharaɗi: in ya miƙe, kowane makaɗi ya ajiye kayansa.

Ba don malaman ya amsa ba. Matarsa Meram 'yar Gashua ce, kuma yayyenta masu fataucin kifi sun daɗe suna kiran mijinta "mai hira da keke". Ta shanye wannan shekara da shekaru. Abu ɗaya ta roƙe shi, ya je ya rera su ji da kunnensu. Ni ma na bi su a motar gyaɗa, don ba a yi Babarbaren da zai ji kunya ba na wurin ba.

Bayan la'asar fili ya cika. Ɗan'auta mai kukuma ya fara, ya yi wa masu awon gyaɗa tatas har wani ya sulale. Sai Fanne da 'yan amshinta suka kife ƙwarya a ruwa, suka kaɗa har mata suka rangaɗa guɗa. Ajimi yana gefe ya haɗe rai, sai ka ce an zuba masa gishiri a fura.

Aka kira shi. Makaɗa suka ajiye kaya kamar yadda aka yi alkawari, wuri ya yi tsit. Ya gyara hula, ya buɗe takarda, ya ɗauko waƙarsa ta ambaliyar kogin Gashua. Baitin farko ya fita lafiya. Na biyu ya sarƙe a maƙogwaro. Ya koma farko, ya sake sarƙewa a wurin. Ga rubutu a gabansa, amma ya rasa inda zai ɗaga murya da inda zai sauke. Yuguda, babban yayan Meram, ya yi gyaran murya irin ta mugunta, ƙannensa suka sunkuyar da kai suna dariya.

Na zo ne in yi dariya, amma wallahi tausayi ya kama ni. Na dubi ƙasa, sai na ga ƙafarsa ta dama tana motsi cikin yashi, tana laluben abin takawa.

Ashe ba ni kaɗai na gani ba. Meram ta taso daga cikin mata, ta tsuguna kusa da Fanne. Ina kusa, na ji ta ce, "Iya, don Allah bi ƙafarsa. A hankali."

Fanne ta dubi ƙafar, ta ɗora yatsu biyu a kan ƙwarya. Ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, daidai da tafiyar keke. Ajimi ya ja numfashi, baiti na biyu ya fito sumul, na uku ya biyo. Kafin ya kai na goma ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya faɗi gonakin da ruwa ya ci, da tsohuwar da ta ƙi shiga kwalekwale sai da akuyarta, jama'a suka karɓi amshi ba wanda ya ce su karɓa. Tsohuwar nan kuwa kakar su Yuguda ce. Na ga Yuguda yana goge ido da hannun riga, wai ƙwaro ne ya faɗa masa.

Washegari a mota na ce, "Sannu sha'iri. Ashe ƙwarya ba ganga ba ce."

"Wace ƙwarya?" in ji shi. "Ni ban ji kiɗa ba."

Meram ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ajimi ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da aka kawo ni, Malam."

Ran kasuwar Nguru da ta zagayo, na iske an riga ni benci. Yuguda ne zaune da yadi a cinyarsa, yana cewa ba sauri yake ba, Ajimi ya ci gaba da ɗinkin da ke gabansa.