Jan Ƙarfe a Bayan Kunne

Tun da gashin gaban goshinta ya fara zubewa, Malama ta daina cire ɗankwali a gaban mijinta. Da ɗankwalin take girki, da shi take kwana, ba ta taje kai sai ya tafi shago. Da ya tambaya, sai ta ce iskar fanka ce ke sa mata ciwon kai. Shi kuwa gyaran fanka ne sana'arsa. Ya dubi fankar, ya dube ta, bai ja maganar ba.

Ba zama ta yi ba ta nemi magani ba, fatar kanta ce ba ta da haƙuri. Man gashin da ta fara shafawa ya sa ta susa har a gaban ɗalibanta. Na biyu, mai ƙamshin turare, ya bar mata ƙuraje a ƙeya. Ran nan da aka tashi daga makaranta ta biya kemis, ta jira masu sayen maganin mura suka watse, sannan ta rage murya ta faɗi damuwarta.

Mai kemis ta ɗauko wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa. "Wannan babu turare a ciki. Kofa feftaid ake ce masa, sinadari ne mai ɗan jan ƙarfe. Ba zan yi miki alkawarin gashi har gadon baya ba, wasu yana yi musu, wasu ba ya yi. Ki fara ɗigawa a bayan kunne, ki bar shi ya kwana. Amma ki sami mai duba miki, ko wurin zai yi ja."

Nan gizo ke saƙar. Madubi ba ya nuna bayan kunne, gidan kuwa daga ita sai shi.

Bayan la'asar ta tarar da shi a bakin ƙofar ɗaki, ya baje cikin wata fanka yana naɗa mata sabuwar waya. Ta miƙa masa kwalbar, ta ce maganin ƙaiƙayi ne kawai, ta maimaita bayanin mai kemis.

"Jan ƙarfe kika ce?" Ya ɗaga hularsa, sanƙo ya bayyana yana sheƙi. "Malama, tun kafin in san ki nake naɗa wayar jan ƙarfe. Da yana tsirar da gashi, da yanzu kitso ake yi mini."

"Wa ya yi maganar gashi? Kuma ai kai a hannu kake riƙe shi, ba a ka ba."

"To, gobe sai in naɗa shi a ka in tafi shago."

Ta ɗage gefen ɗankwalin daidai kunne, ba ta ƙara ko kaɗan ba. Ya yi bismilla ya ɗiga.

Washegari ya karkata kanta wajen taga, ya duba da kyau. "Babu ja, babu kumburi. Kunne lafiya lau, sai dai rashin jin magana. Saura gaban goshin, kawo in ɗiga miki."

Ta dafe ɗankwalin. "Wa ya gaya maka?"

Ya nuna fankar da ke tsaye kusa da madubinta. "Ita. Duk ranar da na kwance ta zan zuba mata mai, sai in tarar da gashi naɗe a wuyanta. Kin dai san ba nawa ba ne."

"Shi ne ka yi shiru, Maigida?"

"Mai sanƙo ya yi wa wani jajen gashi? Sai ki ce abokin tafiya nake nema."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙi ba ta dama. A hankali ta kai hannu ƙeya ta warware ɗaurin, ta ninke ɗankwalin ta ajiye a cinya. Ya duba goshin irin duban da yake yi wa fankar da aka kawo gyara.

"Wannan ai da sauransa. An sha kawo mini waɗanda suka fi haka jin jiki."

"Allah ya shirye ka."

"Amin. Sunkuyo."

Ta ji sanyin maganin yana bin tsagar gashinta, yatsansa na murzawa a hankali. Da ya gama, ya dubi ɗan shuɗin da ya rage masa a yatsa, ya shafe shi a tsakiyar kansa.

"Almubazzaranci babu kyau," in ji shi.

"Haka ne," ta ce. "Kunna mana fankar."