Madugun 'Yan Keke

Tun da Ilu ya baro Maraɗi ya zo Washington, aikinsa a sashen Hausa na wani gidan rediyo bai wuce fassara ba. Shi zai fassara, wani ya karanta. Malam Sirajo, shugaban sashen, Bakano ne mai kunnen tsiya, ya ce Hausar Ilu sai an yi mata wanki da guga kafin masu sauraro su ji ta. Abin yana cin Ilu a rai ƙwarai.

Sai ga tseren keke na watan Mayun 1986, wanda aka fi mako ana yi, gari zuwa gari, ta cikin duwatsun Virginia, za a ƙare a Washington. Ilu kuwa mayen tseren keke ne tun yana ɗan makaranta. Ya yi ta naci har Malam Sirajo ya gaji, ya ba shi minti biyu ta waya, kai tsaye. Ya kuma gaya masa in ya yi shirme, shi da makirufo sai dai kallo.

Ranar ƙarshe Ilu ya sauka daga jirgin ƙasa na Metro, ya kutsa cikin taro, ya kame wata wayar bakin titi da ke kallon layin ƙarewa, ya riƙe ta kamar gadonsa. Ana haɗa shi da ɗakin watsa shiri, sai titi ya ɗauki ihu. Wani dogon ɗan Beljiyam ya ɓullo shi kaɗai, ya tsallake layi hannuwa a sama.

Malam Sirajo yana kallon talabijin a can, kuma ba ya son a riga shi. Nan take ya shaida wa masu sauraro cewa ɗan Beljiyam ya cinye tsere, saura Ilu ya faɗa musu yadda aka yi.

Amma Ilu ya san maganar ba haka take ba. A irin wannan tsere lokacin kowace rana ake tarawa, mai mafi ƙaranci shi ne gwani. Wani ɗan Kolombiya mai rigar rawaya ne ke gaba da minti guda a jimilla, tayarsa ce ta fashe a hanya, yana nan tafe. In Ilu ya yi shiru, ƙarya ta tafi har gida da sunansa. In ya yi magana, ya ƙaryata maigidansa duniya tana ji. Ga shi kalmomin abin duk da Faransanci ya san su.

Ya rufe ido, sai Allah ya kawo masa tunanin fatake.

"Allah shi ba ka nasara, Malam, wanga zangon yau kaɗai ya ci. Tahiyar ayari ce, zango-zango. Wanda ya riga isa masauki yau ba shi ne madugu ba."

Ilu ya ce a ransa shi ke nan, ya janyo wa kansa.

"To ina madugun?" in ji Malam Sirajo, murya a daƙile.

Ai kuwa kamar jira ake. Ayarin kekuna ya karyo kwana, rigar rawaya tana tsakiya. Ilu ya manta da wanki da guga, ya saki Hausar Maraɗi yadda uwarsa ta koya masa. Ya ce ga madugu nan shina tahe, ya miƙe tsaye bisa keke, abokan tahiyarsa sun sha gabansa suna tare masa iska. Ya ce babban agogon da ke kan layi yana cin daƙiƙa, in minti ya cika bai iso ba, wahalar duwatsu duk ta tashi a banza. Turawan da ke kusa suka juyo suna kallon wannan mai ihu da wani yare, shi ko a jikinsa.

Hansatu mai haɗa sauti ta yi wa Malam Sirajo alama cewa minti biyu sun cika, za ta sa kiɗa. Ya ɗaga mata hannu ko kallonta bai yi ba. Ya riga ya miƙe tsaye, har ya fara buga tebur.

Rigar rawaya ta tsallake layi, saura ƙiris minti ya cika. Ilu ya faɗi sakamako da sauran muryar da ta rage masa: ɗan Kolombiya na ɗaya, ɗan Beljiyam na biyu. Sannan, yana haki, tsoro ya dawo masa sabo, yana jiran hukunci.

Malam Sirajo ya gyara murya.

"Masu sauraro, ɗazu na yi riga malam masallaci, ku yafe ni. Wanda ya gyara mini shi ne wakilinmu, Ilu Maraɗi. Ku riƙe muryar nan, za ku riƙa jin ta."

Ilu ya jingina goshi da ƙarfen wayar, yana dariya, hawaye na zuba.