Zalɓen da Ba Ta Gama Ba

Ƙanin matata ne ya kawo mini baƙon. Shi ke riƙe da masaukin 'yan yawon buɗe ido da ke bakin gandun daji, kuma tun da aka ba shi ofis mai fanka ya daina amsa kowane suna sai Manaja. Ya ce rufin ɗakunan sama yana yoyo, baƙon kuwa marubuci ne, ba irin wanda za a ajiye wa bokiti a gefen gado ba. Gidana, in ji shi, akwai ɗaki a banza, akwai littattafai, akwai kuma tsohon da ba shi da aikin yi.

"Kwana kaɗan ne, Yaya. Ka ga sai ka sami wanda za ka riƙa gyara wa magana, mu ma mu huta."

Na ce masa ni ba otal na buɗe ba. Ya ce ai jakar ma tana cikin mota.

Baƙon dogo ne siriri, da madubin hangen nesa rataye a wuya, ko wurin cin abinci ba ya cire shi. Kafin rana ta faɗi maƙwabta sun raɗa masa Mai Madubi. Ya yabi ruwan da na ba shi, ya yabi kujerar da na tokare ƙafarta da tsohon ƙamus, ya yabi yadda mutanenmu ke gaisuwa. Ni dai rayuwata duka a ɗakin karatu na yi ta, na kuma karanta littattafan matafiya fiye da yadda ya kamata mai hankali ya karanta. Na san yadda suke rubuta karamcin mutane, a shafi ɗaya da dorina da barewa, kamar shi ma wata dabba ce da aka yi sa'ar gani a bakin ruwa. Saboda haka na gyara zama don in ƙi shi.

Sai ga shi mutumin yana karatu. Ya zaro littafi daga kanta, ya duba, ya mayar da shi daidai inda ya ɗauko. Shekara da shekaru ina jiran ganin ɗan Adam ya yi haka. Da safe motar Manaja takan kai shi gandu, da yamma ya dawo da ƙura a gira da labarin gauraka ko garken giwaye, mu zauna mu sha shayi muna musu a kan marubutan da suka daɗe da mutuwa. Auta, 'yata, wadda ke tsare shagon kayan hannu na masaukin, takan kawo mana abinci ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Ta ce rabonta da ta ji dariyata tun Mama na da rai.

Ni da kaina na kai shi tafkin bayan gari, inda zalɓe ke tsayuwa cikin ruwa kamar ma'aikacin da ke jiran a sallame shi. Ni da kaina kuma, da muka dawo, na buɗe masa ɗakin ciki.

A bangon ɗakin akwai wani farin yadi mai faɗin zanen gado. Aikin matata ne. Tsuntsayen tafkin nan ta ɗinka a kai da zare da allura, ɗaya bayan ɗaya, a tsawon shekarun da ta yi tana jiran in gama shafi in zo mu ci abinci. Tana da hanyarta ta aiki: ba ta ƙulla zare. In zare ya ƙare, sai ta cusa bakinsa a ƙarƙashin ɗinkin da ya gabata, ta fara sabo daga can ciki. In ka juya bayan yadin ba za ka ga ƙulli ko ɗaya ba, ba za ka kuma san inda ta tsaya jiya ta ci gaba yau ba. Takan ce ƙulli aikin masu gaggawa ne, tana faɗa tana kallon maɓallin da na ɗinka wa kaina.

A kusurwar ƙasa akwai zalɓe na ƙarshe. Ta yi masa kai da wuya da ƙirji, fiffiken kuwa zanen fensir ne kawai. Allurar tana nan soke a kafaɗarsa, da zare ruwan toka a hancinta, ta ɗan karkata zuwa inda ɗinki na gaba zai faɗa. A nan ta soke ta da safen da muka tafi asibiti, ta ce in ta dawo za ta yi fiffiken. Ban taɓa ta ba tun ranar. Har tsatsa ta yi wa yadin ɗan tabo a gindinta. Duk safiya nakan shiga in ga allurar, in fito. Wasu kabari suke ziyarta. Ni abin da nake da shi ke nan.

Na gaya wa baƙon duk wannan, abin da ban taɓa gaya wa kowa da baki ba. Ya tsaya shiru. Karon farko ke nan da ya ga wani abu a gidana bai yaba ba, kuma shirun nan ne ya cuce ni.

Washegari ya nemi ya ɗauki hoton yadin. Ya ce ɗakin ya yi duhu, amma barandar masauki tana samun haske mai kyau da hantsi. Na ƙi. Auta ta sa baki, ta ce aikin Mama ya gaji da kallon bango ɗaya da tsoho ɗaya, in bari duniya ta gani. Manaja ya ce shi da kansa zai tuƙa motar, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na dubi baƙon na ce sharaɗina ɗaya ne.

"Allurar nan, kada a taɓa ta."

Ya ɗora hannu a ƙirji. "Ina nan a tsaye babu wanda zai taɓa ta. Ai ita ce labarin."

Aka naɗe yadin a gabana, allurar daga ciki, aka tafi da shi. A ranar kuma aka gama gyaran rufi, baƙon ya koma masauki. Na jira. Yau a ce hadari ya rufe rana, gobe a ce baturin kyamara. Auta ta daina zuwa, sai matar maƙwabcina ke miƙo mini kwanon abinci ta kan katanga. Ranar tafiyarsa baƙon ya tsaya a ƙofar gida, injin mota na aiki, ya rungume ni ya ce bai taɓa ganin mutane masu buɗaɗɗen hannu irinmu ba. Na tambayi yadin. Ya ce Manaja zai kawo, ya shiga mota yana gyara igiyar madubinsa.

Manaja ya kawo shi bayan kwana biyu, a goge, a ninke, cikin leda mai tambarin masauki. Na shimfiɗa shi a kan gado. Zalɓen ya yi fiffike, cikakke, gashi bisa gashi. Tabon tsatsar ya shige ƙarƙashin sabon ɗinki. Allura babu.

Manaja bai jira tambaya ba, ya yi ta magana. Ya ce baƙon ya leƙa ta cikin kyamara ya ce kusurwar nan tana janye ido, masu mujallar da yake wa rubutu kuma ba sa son abin da zai sa mai karatu baƙin ciki. Wai bai ce a yi komai ba, cewa kawai ya yi da ma an gama tsuntsun.

"To Yaya, baƙo ya yi fata a gabanmu, mu zuba masa ido? Ai ba haka aka san mu ba."

Na tambaye shi abin da baƙon ya ce da ya ga an gama. Ya ce baƙon ya riƙe baki, ya ce kai, bai kamata ba. Daga nan ya ɗauki hotuna har rana ta juya.

"Allurar fa?"

"Ya yi ta juya ta a hannu yana cewa abin tarihi ce. Sai na ce ya riƙe." Ya dube ni, ya ga fuskata. "Allura ce fa, Yaya. Ta yi tsatsa ma. Gobe in kawo maka kwali guda."

Na ce masa ya gaida gida. Ban tambaye shi wanda ya yi ɗinkin ba. Na riga na juya bayan yadin, babu ƙulli ko ɗaya, kuma mutum ɗaya ce a duniya matata ta koya wa haka.

Auta ba ta tako gidan ba sai da mujallar ta fito, irin wadda ake sakawa a bayan kujerun jirgin sama don mutane su manta suna tsoro. Ta shigo da ita a hannu kamar mai kawo magani, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye a kan tebur. Yadin ne a bangon mujallar, zalɓen a tsakiya. Na sa tabarau na karanta. Mutumin ya iya rubutu, wannan ba zan hana shi ba. Dorina ta sami shafinta, gauraka ya sami nasa. Yadin kuwa ya kira shi fasahar ƙabilun yankin, wadda mata ke gada daga kakanni, ba a san hannun da ya yi ta ba. Matata, wadda ta koyi ɗinki a ajin yamma na wata tela, ta zama ƙabila. Ni ma ina ciki, a layi biyu: wani dattijo mai son littattafai. A ƙarshe ya ce mutanen nan, in ka yaba abu, sai su miƙa maka shi. Har tsohuwar allura suka ba shi, tana nan a kan teburinsa tana tuna masa da karamcinsu.

Na cire tabarau na ce wa Auta aikin ya yi kyau, Mama ba ta yi asarar koyarwa ba.

Ta ce Kawu Manaja ya riga ya kira matan shago su yi ɗinkin, ita kuwa ta san za su cika shi da ƙulli, shi ya sa ta karɓa. Na ce akwai kalma ɗaya gajera, a'a, da ake faɗa a irin wannan wuri, ni ma na faɗe ta da farko kafin ta lallashe ni. Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, a hankali, ita ma uwarta ce.

"Duk sanda na shiga ɗakin nan, Baba, sai in ga Mama ta tsaya a rabi. Kai kana ganin za ta dawo ta ƙarasa. Ni ban taɓa ganin haka ba."

Na ce ban tambaye ta abin da take gani ba. Na tashi na ɗauko reza a aljihun tebur, na shiga ɗakin ciki, ta biyo ni. Na ce zan warware fiffiken in mayar da shi yadda yake, allura kuwa kowace ce za ta yi, tunda an sanar da ni cewa allura ce kawai. Ba ta hana ni ba. Ta buɗe taga don in sami haske, ta kama mini gefen yadin ta miƙe shi.

"Ka fara daga inda nawa ya fara," in ji ta. "Kada ka yanke na Mama."

Na kai rezar kafaɗar tsuntsun. Zaren ɗaya ne, ragowar wanda ke hancin allurar ta ci gaba da shi. Tazarar ɗinkin ɗaya ce, karkatarsa ɗaya. Na juya baya, na shafa da yatsa, sumul. Wurin da na kalla kowace safiya tun rasuwarta, wurin da da an tambaye ni sai in rantse zan nuna shi ido rufe, na neme shi na rasa. Ko a nan ne, ko can gaba kaɗan.

Na ce ta nuna mini. Ta matso, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta sa yatsa a wani wuri, ta ɗage, ta sa a wani.

"Wallahi Baba, ni ma ban sani ba."

Na mayar da rezar cikin takardarta. Na ce ta rufe tagar in za ta fita, ta kuma tafi da mujallar, Kawunta zai so ya rataye ta a ofis.