Ƙuri'ar Mama Tela

Tun ranar da aka manna hotunan 'yan takara a layin, Mama Tela ta juya keken ɗinkinta ya ba ƙofa baya. A da titi take kallo tana aiki, tana amsa gaisuwar masu wucewa. Abin da ya sa ta juya shi ne, da ta ɗaga kai sai ta yi ido huɗu da hoton Injiniya, yana murmushi daga jikin bangon da ke tsallaken shagonta.

Injiniya mijinta ne a da. Wata safiya ya haɗa kayansa ya koma gidan wata mace, ya bar ta da 'ya ɗaya da ake kira Auta, ko da yake ba ta da yaya. Bai taɓa cewa a yafe masa ba. Auta ta girma, ta yi aure a wani gari mai nisa, Mama Tela ta saba dafa abincin mutum ɗaya. Ga shi yanzu yana neman kujerar magajin gari.

Abokin karawarsa Lauya ne, mutum mai tsabtar suna, wanda ba ya fashin coci, matarsa kullum a gefensa a bencin gaba. Sai dai ya faɗa a fili cewa ƙaramin asibitin unguwa asara ne, rufe shi zai yi, marasa lafiya su riƙa zuwa babban da ke can ƙarshen gari. Injiniya kuwa, lokacin da yake riƙe da sashen ayyuka, shi ya sa famfunan unguwar suka daina tarin iska, shi ya gyara rufin asibitin. Wannan ko maƙiyansa ba sa musu.

Ranar Lahadi bayan sujada aka tsaya tattaunawa, wani ya tambaya ko ya dace mai bi ya zaɓi mutumin da halinsa ya lalace. Fasto ya fara bayani a hankali, cewa ba kowane sarkin da Allah ya yi aiki da shi ne tsarkakakke ba. Bai kai aya ba shugabar mata ta miƙe.

"Fasto, ba sai an je da nisa ba. Ga shaida nan a zaune." Ta nuna Mama Tela da hannu. "Wanda ya karya alkawarin da ya ɗauka a gaban bagaden coci, alkawarin famfo ne zai riƙe? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Mama Tela ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Aka yi ta muhawara a kanta kamar ba ta wurin, wannan ya ce an cuce ta, wancan ya ce gari ya fi gida ɗaya girma. Ba wanda ya tambaye ta. Da aka tashi, kowa ya dafa kafaɗarta ya ce sannu, ya nufi gidansa da iyalinsa. Ita ta tako ita kaɗai, tana tuna cewa shekarar da abin ya faru, cikin masu dafa ta yau mutum biyu ne kawai suka leƙo ta.

Da la'asar Auta ta kira.

"Mama, in kika ba shi ƙuri'a, kin ce masa abin da ya yi daidai ne."

"Ni ban ce zan ba shi ba."

"Ba ki kuma ce ba za ki ba shi ba. Na san shirunki."

Ana sauran kwanaki kaɗan zaɓe Fasto ya kawo wando a rage masa tsawo. Ta sa shi ya tsaya, ta durƙusa tana kafa fil a ƙafar wandon, don ta fi iya magana in ba ta kallon fuska.

"Fasto, in na zaɓi Injiniya na yi zunubi?"

"Me zuciyarki take ce miki, Mama?"

"Zuciyata ta ce in yage hotonsa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mutumin nan zai kalle ka ya yi maka ƙarya ko ƙiftawa babu. Kuma zai kwana a bakin rami har sai an haɗa bututu. Duka biyun shi ne, na zauna da su. Maƙwabciyata tana da tsohon ciki, Fasto. In naƙuda ta taso, ƙarshen gari za ta?"

Fasto ya sunkuyo ya dube ta.

"Da ina da amsa guda da na ba ki," ya ce. "Ni ma ina ta addu'a, ban gama ba. Abin da na sani, ba za a tambaye ki zunubinsa ba. Dalilinki za a tambaye ki."

"To ai dalilin ne ba ya zama wuri ɗaya. Daina motsi, kar in soke ka."

Ranar zaɓe ta sa rigar da take zuwa coci da ita, ta bi layi a harabar makaranta. Mutane sun zo bibbiyu, miji da mata, uwa da ɗa, suna raha. Da ta shiga bayan labule sai ta ga ashe wurin ko mutum biyu ba zai ɗauka ba. Ga takarda, ga hotonsa ƙarami, ya yi furfura a gefen kunne. Ta tsaya har ma'aikaciyar zaɓe ta yi gyaran murya. Ta ce a ranta, Ubangiji, ka san ban wanke shi ba, hukuncinsa na wurinka. Ta dangwala a gefen hotonsa, ta ninke, ta jefa. Bakinta ya yi ɗaci kamar ta tauna magani.

A bakin ƙofa ta ci karo da shugabar mata.

"Mama, an rama ko?" ta ce tana dariya.

Da Mama Tela ta yi murmushi kawai da maganar ta wuce. Amma ba ta iya ƙarya da rigar coci a jikinta ba.

"Shi na zaɓa."

Dariyar ta ɗauke. "To, Allah ya kyauta," in ji shugabar mata, ta gyara jaka ta yi gaba.

Injiniya ya ci da ƙyar. Motoci suka cika layin da ƙarar oda, matasa na rawa a kan kwalta, Mama Tela ta tura ƙyauren shago ta ci gaba da dajiyar wani siket. Ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi nadama ba. Shi bai sani ba, ba kuma ta da niyyar ya sani.

Auta ta yi mako ba ta kira ba. Lahadin da ta biyo baya, matan da suka saba zama a bencinta suka sami wuri a gaba. Ta ajiye jakarta inda babu kowa, aka ɗauki waƙar farko, ta tashi ta bi da muryarta, a hankali, har aka kai ƙarshe.